Takardun da Aka Tsamo Daga Wuta

Tun da yaƙi ya lashe ƙananan sulalla, hukumar gari ke buga 'yan takardun kuɗi na fenik hamsin, wato rabin mak na kuɗin ƙasar, don mutane su samu canjin burodi. Wadda ta tsufa a soke lambarta, ranar Juma'a a jefa ta murhun ofis.

Ranar Litinin sai ga magatakarda Kessler a gaban Sufeto Rausch, yana haki.

"Yallaɓai, matattu sun tashi! Takardu bakwai da na ƙona da hannuna, ga su sun dawo daga gidan burodi."

Rausch ya ɗora ɗaya kan sabuwa. Ba ta kai girmanta ba, an datse gefenta da almakashi. Ya shinshina, ya ji ƙauri.

"Ka tsaya har suka zama toka?"

"Ƙwarai kuwa."

"Kai da hayaƙin tabar wani ke sa ka tari?"

Kessler ya sunkuyar da kai. Ashe zubawa yake, ya rufe murhu, ya yi gaba.

A gidan burodi, Ottilie mai shagon ta rantse ba ta san wanda ya kawo su ba.

"Haba Sufeto, yunwa ta mai da mu duk kama ɗaya!"

Amma idonta ya kai ga tsohuwar da ta karɓi burodinta da hannu naɗe da tsumma.

Rausch ya gane ta. Iya Hedwig ce, mai kwashe tokar ofis. Da ɗanta Emil suka tafi yaƙi, shi ya dawo, Emil bai dawo ba. Jikoki uku ya bar mata. In an kulle ta, sai gidan marayu.

"Iya, me ya sami hannun?"

"Ruwan zafi ne, ɗana."

Ya warware tsumman a hankali. Yatsu huɗu sun sale, har da baƙin gawayi a ƙarƙashin farce.

"Ban taɓa na kowa ba," ta ce. "An riga an ba wuta."

Rausch ya zaro mak uku da rabi, kuɗin takardu bakwai ɗin, zai biya a rufe maganar. Sai ga Kessler a bakin ƙofa da takardar umarnin kamu.

"Magajin gari ya sa hannu, yallaɓai. Ya ce a hukunta ko wane ne, ya zama darasi."

Wallahi da Rausch ya sani, da bai shinshina takardar nan ba. Ya kasa zaro ankwa, a ina zai ɗaura ta, ga hannu a ƙone? Ya kama gwiwar hannunta kawai, zai tafi da ita.

Ta miƙa masa burodin.

"Kai wa yaran. Ƙaramar ba ta iya tauna ɓawon, ka cire mata."