Sarƙar da Ɓarawo Ya Ƙi Taɓawa

Jirgin yawon tsibirai bai gama ɗaure igiya a tashar Kurikadduwan ba, ihu ya cika gaɓa. Sufeto Mathivanan ya ture shayinsa, ya sauko yana tsaki.

Mai ihun, Jeyaseelan, wani mai shagon taya a garin Jaffna, ya shaƙe wuyan rigar jagoran masu yawo. "Sarƙar matata ya sace tana barci! A buɗe jakarsa!"

Aka buɗe. Ga siririyar sarƙar zinare ƙarƙashin tawul. Jagoran, Thayalan, ya yi tsuru-tsuru. In abin ya tabbata, takardar izininsa ta tafi, shi kuma sai gidan yari.

"Ka san matar?" in ji Sufeto.

"Yau na fara ganinta, yallaɓai."

Tsoro ne ya sa shi ƙarya, kuma matuƙin jirgi bai bar ta ta kwana ba. "Haba! Ajinsu ɗaya a makaranta. Tun daga tsibirin Delft suke kwaikwayon malamansu, tana dariya har da hawaye. A tsibirin Nainativu ma shi ya riƙe hannunta ta shiga jirgi."

"Mijin fa?"

"Ko kifin abincin rana bai ci ba. Ya cika ya batse."

"Jakar ina take?"

"Rataye a bayan bencin matar da mijin."

Matar, Vithusha, tana zaune kan dakali, idanunta sun yi ja. Ta ce jiri ne ya kwantar da ita a hanyar dawowa. Sufeto ya kalli wuyanta. Thali ɗinta, sarƙar aure, tana nan daram, mai kauri, ta ninka wadda aka sace sau nawa.

"Tare kike sa su, ƙanwata?"

"Kullum. Har sarƙewa suke yi da juna."

Ran Sufeto ya ɓaci. Ya juya ga mijin.

"Ina kake lokacin da take barci?"

"Can gaba, ina shan iska."

"To taya ni tunani, malam mai taya. Ɓarawo ya sami mace tana barci da zinare biyu a wuya. Ya zauna ya warware ƙaramar a hankali, ya bar babbar. Wane irin sakarai ne wannan?"

"Oho! Shi za ka tambaya."

"Kowa ya sani ba a cire wa mace thali sai ranar da mijinta ya mutu. Ina ruwan ɓarawo da ran mijin wata? Mutum ɗaya ne a jirgin nan hannunsa zai yi rawa a kanta."

Jeyaseelan ya kasa daurewa. Sai ya fashe da ihu.

"Tunda na aure ta ban taɓa jin ta yi dariya haka ba! Ni na biya yawon, shi yake kwasar dariyar. So nake ta gan shi da ankwa a hannu!"

Wani kofur ya matso, ya sa wa Jeyaseelan ankwa. Thayalan ya sulale ya zauna a ƙasa, yana sauke numfashi.

Da za a wuce da shi mota, Jeyaseelan ya waigo. "Vithu, ki yi musu magana mana."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta na sari.

"Ranka ka ji wa tsoro, shi ya sa ka ƙi taɓa thali," ta ce. "Na wancan bawan Allah kuwa ko a jikinka. Yallaɓai, ina ake hawa motar Jaffna?"