Jitar Haladu da Jan-Baki

"Ka zaɓa, Haladu! Ko ni, ko wannan katakon!"

Nuriyya ce tsaye a zauren gidansu, idonta ya yi jajur. Haladu ya sunkuyar da kai yana murza hula.

"Haba Nuri, hasken idona... ba katako ba ce. Jita ce mai lantarki, ƙirar Japan, tun Baba yana saurayi. Kawuna ya bar min. Duk Jigawa babu irinta."

"To ka aure ta mana! Ta tuƙa maka tuwo!"

Duk aikin Abdulmannan ne, ɗan wan babanta, wanda ya daɗe yana binta tana ƙi. Shi ya laɓe ya ɗauki Haladu a waya yana kaɗa jitar, ya kai wa babanta Malam Shu'ibu. Malam ya ce shi bai haifi 'yar da zai ba makaɗi ba. Gyaran injin ban-ruwan da yaron yake yi a Hadejia, ko kallonsa bai yi ba.

"Baba ya ce in ba ka rabu da ita ba, bayan girbi Abdulmannan zai turo."

"Wallahi ba zan iya ba, Nuri..."

Fuu ta shige gida.

Washegari tana kwance tana kuka Iya ta yaye labule.

"Tashi ki kai wa babanki fura. Tsuntsaye jan-baki sun sauka a shinkafa, tun asuba yana fadama."

Da ta isa gonar tasu ta hanyar Auyo, ta tsaya cak. Tsuntsaye kamar hayaƙi! Malam yana jan igiyar gwangwanaye, muryarsa ta dushe, su kuwa ci kawai suke. Abdulmannan da ya zo taimako yana gindin bishiya yana kakkaɓe shaddarsa.

Ta ciro waya ta kira Haladu.

"Ɗauko matar taka jita, da lasifika da batir. Yanzu!"

"Fadama? Cikin laka? Nuri, danshi zai lanƙwasa mata wuya!"

"In ba ka zo ba, kar ka ƙara kirana."

Ya zo a babur, ya nannaɗe ta da bargo kamar jaririya. Ya tsaya a bakin gona, ya jona waya, ya fara wani kiɗa mai sanyi, irin wanda yake yi wa Nuriyya.

Ko tsuntsu ɗaya bai ɗaga kai ba.

"Wai zance ka zo yi musu? Ƙure ta!"

"Nuri, ba haka ake..."

"Ƙure ta na ce!"

Ya runtse ido, ya murɗa ƙarar har ƙarshe, ya fizgi wayoyin gaba ɗaya. Jitar ta kwarma wani ihu, har Malam ya saki igiya yana salati. Duu! Sama ta yi baƙi, tsuntsaye suka yi gabas.

Su dawo, ya buga. Su dawo, ya buga. Har la'asar. Yatsunsa suka yi bororo, waya ɗaya ta tsinke, jan fentin jitar duk laka.

Malam ya tako a hankali, ya ƙare wa jitar kallo.

"Wannan dai ba kiɗa ba ne."

"Wallahi ba kiɗa ba ne, Baba," in ji Haladu kamar zai yi kuka.

"To madalla. Kullum in an idar da asuba ka zo, har mu yanke. In shinkafa ta shiga buhu, ka turo manyanka."

Abdulmannan ya zaburo. "Baba, makaɗi fa..."

"Kai me ka kora tun safe? Wuce ka ba ni wuri!"

Haladu ya durƙusa yana goge lakar da bakin rigarsa.

"Nuri... kin ga abin da kika sa na yi mata?"

"Na gani, masoyi. Alhamdu lillahi."

Ta ajiye masa ragowar furar a gabansa.

"Sha da sauri, ango. Ga su can sun dawo."