Mamacin da Ya Buɗe Ɗaki na Tara

Da ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin aka bugo waya caji ofis daga tsohuwar mahaƙar gishiri da ke bayan gari. An tsinci gawa a ƙasa.

Sufeto Grigore Balmus ya ture kofin gahawarsa, ya kira Saje Dorina, suka shiga mota.

Shekara goma sha biyar ke nan da aka daina haƙar gishiri a wurin. Wani kamfani ya karɓi ramin ya mai da shi ma'ajiyar takardu. Bankuna, masana'antu, ofisoshin lauyoyi, duk nan suke kawo tsofaffin fayilolinsu, don a cikin gishiri babu laima, babu ƙwaro, babu ɓera.

Wani tsoho mai kula da lifta, Nea Gavril, shi ya tarye su. Ya rufe ƙofar ƙarfen ya yi alamar gicciye kafin ya danna.

"Mita ɗari biyu da goma ne, Yallaɓai. Ka riƙa haɗiyar yawu, in ba haka ba kunnenka zai toshe."

"Kai ka fara ganinta?"

"Ni ne. Tanti Frosa ce, mai kula da ɗakunan ajiya. Juma'a ƙarfe biyu nake tashi, daga nan kowa shi ke danna wa kansa. Ita kaɗai take zaune a gida, ba mai cigiyarta. Yau na ga rigar sanyinta rataye inda ta bar ta, sai gabana ya faɗi."

A ƙasa babu iska, babu ƙara. Bango baƙi-baƙi mai ƙyalli ya miƙe sama har inda hasken fitila ba ya kaiwa. Kantocin ƙarfe sun jeru cike da kwalaye, dubbai. Balmus ya lashi leɓensa ya ji gishiri.

Kowane kwali na ɗauke da sitika: sunan mai shi, ranar da ya shigo, da ranar da za a niƙe shi. Wasu kore, wasu ja.

"Kore masu rai ne," in ji Gavril. "Ja kuwa masu jiran kabari. Haka take kiransu."

A Ɗaki na Tara suka same ta, zaune ta jingina da bayan ƙofa, 'yar tsohuwa mai furfura. Jini ya bushe a ƙeyarta. Likitan 'yan sanda ya ce ta bugu da kusurwar kanta, amma ba nan take ta cika ba. Ya nuna wa Sufeto hannunta na dama. Gefen tafin ya kumbura.

"Ta daɗe tana buga ƙofar da shi," ya ce.

Ƙofar ba ta buɗuwa sai da kati, ciki da waje. An laluba aljihunta, babu katinta.

Hannunta na hagu a dunƙule yake. Da suka buɗe shi sai ga jar sitika a cukurkuɗe, a bayanta kuma ɓarɓashin koriya ya manne.

Balmus ya juya ya dubi kantar da ke ƙurya. Wurin kwali arba'in fanko. Ya shafa yatsa a saman kwalin da ke makwabtaka, ya fito fari da ƙurar gishiri. Ya shafa a kantar da babu komai, yatsan ya fito tsaf.

Saje Dorina ta dawo daga ɗakin kwamfuta da takarda a hannu. Fuskarta ta canza.

"Yallaɓai, ga jerin masu buɗe ƙofar. Juma'a, huɗu saura ashirin, katin marigayiya. Bayan minti goma sha biyu wani kati ya shiga, ya fita bayan rabin awa. Kafin nan ma wannan katin ya buɗe ɗakin sau shida a makon jiya, duk a lokacin cin abincin rana."

"Na waye?"

"Anton Gherman."

Gavril ya dafa bango.

"Ka san shi?"

"Ni na ɗauki akwatin gawarsa, Yallaɓai, shekara biyu ke nan. Shi ke tura baro a nan." Ya rage murya. "Na faɗa wa abokan aiki abin da nake ji, suka ce giya ce ke damuna. Baronsa na da ƙafa ɗaya mai kuka. Tun da ya mutu ba wanda ya taɓa shi. Makon jiya, kullum da tsakar rana in na dawo daga cin abinci, ina jin kukan daga can ciki. Ƙiii, ƙiii. In na ɗaga murya na kira, sai ya yi shiru."

"Ka je ka duba?"

"Kai za ka je?"

Ofishin manaja na sama, a hasken rana. Horia Stanila mutum ne mai tumbi da zoben zinariya, yana ta share gumi ko da yake ana sanyi. A teburin gefe wata mata 'yar kimanin shekara arba'in da biyar na zaune gaban kwamfuta. Lidia Voinea ce, mai riƙe da rajistar kamfanin. Duk kwalin da ya shigo ita ke ba shi lamba, ita ke sa masa ranar niƙewa, ita kuma ke ba da katin ƙofa.

"Kwalayen kantar nan na waye?" Balmus ya tambayi manaja.

"Na tsohuwar masana'antar batir ce da aka rufe. Tarkace ne kawai. Wa'adinsu ya cika, mun niƙe su tun watan jiya. Ga takardar shaida, ga sa hannuna."

"Ka tsaya a kan aikin?"

"Da idona na gani."

"A ƙasa, kwana nawa ƙurar gishiri ke yi kafin ta rufe abu?"

"Ai ko mako ba a yi."

"To kantar nan ko ɗigon ƙura babu. Kuma injin niƙanku na rubuta nauyin duk abin da ya ci. Saje ta duba, a ranar da ka rubuta ko kilo ɗaya bai ci ba. Da wane idon ka gani?"

Stanila ya sassauta ɗaurin wuyansa.

"Yallaɓai, takarda ɗari nake sa wa hannu a rana. An ajiye mini, na sa. In masu kawo mana ajiya suka ji cewa ba na dubawa, kamfanin nan ya mutu."

"Wa ya ajiye maka?"

"Yadda aka saba. Daga rajista."

Lidia ta ɗago kai a natse.

"Kwamfuta ce ke fitar da jerin waɗanda wa'adinsu ya cika, ni bugawa kawai nake. Wanda ya kwashe su kuma ban sani ba. Ni ba na sauka ƙasa, ƙirjina ba ya son wurin."

"Katin Anton Gherman fa?"

"Na karɓe shi daga hannunsa da ya kwanta asibiti, na datse shi da almakashi. Wataƙila na manta ban goge lambarsa a kwamfuta ba. Duk mai wayo zai iya kwafarta."

Ba ta ƙifta ido ba.

Matar Anton, Tanti Saveta, na zaune a wani ɗan gida mai itatuwan ɓaure na Turai a tsakar gida. Ta ajiye musu cuku da burodi, ta ce ba a tambayar mutum da yunwa a ciki.

"Cewa suke mijina na yawo a rami? Mutumin da ko yana raye sai an yi da gaske yake tashi daga kujera?"

"Katinsa na aiki, Tanti, kin san inda ya shiga?"

"Yana aljihun rigarsa har ya mutu. Sai ranar addu'ar arba'in na ba da shi, lafiyarsa ƙalau, har da igiyarsa."

"Wa kika ba?"

"'Yar likita mana. Lidia. Ta zo da furanni."

"Wane likita?"

"Dokta Pamfil Ursu, na masana'antar batir. Kai baƙo ne, shi ya sa. Duk mazan garin nan ta hannunsa suka bi. Mijin Frosa ma can ya yi aiki shekara ashirin, hannuwansa suka shanye, haƙoransa suka zube, amma duk gwaji sai a ce jininsa lafiya lau. Yanzu dai waɗanda suka rage sun kai ƙara kotu."

A mota Balmus ya sa Saje ta kira kotu. Amsar ba ta jima ba. Kwana goma sha biyu da suka wuce kotu ta aika wa kamfanin wasiƙa cewa kada a taɓa fayilolin lafiyar ma'aikatan batir, za a zo a ɗauka. Wadda ta sa hannu ta karɓa, L. Voinea.

"Irin waɗannan takardu shekara arba'in ake ajiye su," in ji Dorina. "Koriyar sitikarsu ke nan. Wani ya liƙa ja a kai."

"Amma inji bai ci su ba, lifta kuma bai hau da su ba. Suna ƙasa."

Suka sake sauka da tocila biyu. Gavril ya raka su har ƙarshen inda fitilu suka tsaya, ya ce daga nan ko an ɗaure shi ba zai ƙara taku ɗaya ba.

A ƙasa, cikin farar ƙura, ga sawun baro: layi ɗaya miƙaƙƙe, ɗayan yana karkacewa. Ya bi ta ƙarƙashin wata sarƙa mai allon gargaɗi, ya shiga tsohon rami da aka daina amfani da shi.

Suka yi tafiyar minti goma. Ba abin da ake ji sai takunsu, shi ma yana dawo musu a makare, kamar akwai mutum na uku a baya. Sau biyu Dorina na waiwayawa.

Ramin ya buɗe a kan wani tafki, baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi. Baron na tsaye a bakinsa.

Balmus ya haska ruwan.

Wanda ya zuba kwalayen ya so su nutse, amma ruwan ya ƙoshi da gishiri, ba ya haɗiye komai. Kwalayen sun jiƙe sun buɗe baki, takardun suka bazu suka rufe fuskar tafkin. Gishiri ya fara yi musu farin ɓawo a gefe. A kusurwar kowace akwai ɗan ƙaramin hoto. Ɗaruruwan fuskokin maza, kwance a kan ruwa, suna kallon sama.

Dorina ta yi alamar gicciye.

Sufeto ya durƙusa ya jawo ɗaya. Sakamakon gwajin dalma a jini ne. An soke lambar farko da biro, an rubuta ƙarama a sama. A ƙasa ga hatimi da sa hannun Dokta Ursu. Ya jawo ta biyu, haka. Ta uku, haka.

A cikin baron, ƙarƙashin wani tsumma, suka sami kati biyu. Ɗaya na Frosa, ɗaya na Anton da igiyarsa.

Da azahar Balmus ya sa aka sauko da Lidia Ɗaki na Tara. Ya jera mata katunan a kan kantar da babu komai, da jiƙaƙƙiyar takardar, da jar sitikar.

"Wannan ne katin da kika datse?"

Ta dubi katin, Balmus ya ci gaba.

"Injin buga sitika ɗaya ne a kamfanin nan, yana kan teburinki. Wasiƙar kotu ke kika karɓa, ba ta kai ga manaja ba. Kin canza ranar a kwamfuta, kika kai masa takarda ya sa hannu ido rufe. Kin san in kika yi amfani da baron Anton da katinsa ba mai kusantar wurin."

Ta ɗauki takardar ta daɗe tana kallon sa hannun.

"Ba su nutse ba," ta ce a hankali.

"Ba su nutse ba."

Ta zauna a kan wani kwali.

"Ranar Juma'a saura kwali huɗu. Na shigo na tarar da ita ta ɓare sitika. Ta san kantar nan kamar tafin hannunta, fayil ɗin mijinta na ciki. Ta ce, 'Lidia, 'yata, a hannuna kika girma a ofishin nan, wa ya sa ki?' Na ce ta bari. Ta ce Litinin za ta je kotu da ƙafarta. Na riƙe hannunta ta fizge, na ture ta."

"Ta faɗi. Amma tana numfashi."

"Tana numfashi."

"Sai kika cire katinta kika rufe ƙofa."

"Na kai kwalaye huɗun nan tafki na dawo." Ta dubi ƙofar. "Da zan wuce na ji tana bugawa. Tana kiran sunana. Ba ihu take ba, kira take kamar mai kiran yaro ya zo ya ci abinci. Na tsaya a bakin ƙofar nan, na tsaya, sannan na hau sama."

Dorina ta fito da ankwa. Lidia ta miƙa hannuwanta da kanta.

"Mahaifinki ne ya sa ki?" Balmus ya tambaya.

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Babana? Shekara uku ke nan hankalinsa ya gushe. Bai san akwai masana'anta ba, bai san akwai kotu ba. Kullum da safe in na kai masa shayi sai ya miƙe ya gaishe ni, ya ce, 'Baiwar Allah, 'yar wane ce ke?'"

"To don wa kika yi?"

Ta sake duban sa hannun mahaifinta a jiƙaƙƙiyar takardar. Dorina ta kama gwiwar hannunta, suka nufi lifta.

A sama ma'aikata sun taru a bakin ƙofa. Da za a sa Lidia a mota sai ta juyo ta kama hannun rigar Saje.

"Ƙarfe biyar ake ba shi magani. Ƙwayoyin na kan firji. Ku ce wa maƙwabciya ta murƙushe masa a cikin zuma, in ba haka ba tofarwa yake."

Dorina ta rubuta a littafinta, ta rufe ƙofar motar.

Balmus ya koma ciki ya kira kotu, ya ce su turo mutane da kwale-kwalen roba da raga, akwai takardunsu a kan ruwa.