Tsohuwar da ke Cikin Kwamfuta

Auta ta shigo falo ta zube a kujera, ko takalmi ba ta cire ba. Umma na ganin idonta ta tambaye ta abin da ya faru.

Aikin Auta a kamfanin magunguna shi ne ta ƙirƙiri marasa lafiya a kwamfuta, ta ba su maganin da kamfanin ya kwaikwaya mai rahusa, ta ga yadda zai shiga jini ya fita. Mai kamfanin kuwa Alhaji ne, mahaifin Dogo, wanda za ta aura. Yau kwamfutar ta nuna sabon maganin hawan jininsu yana taruwa a jikin tsofaffi masu raunin ƙoda. Alhaji ya ce ta goge tsofaffin, ko a fasa auren.

"Ki goge mana!" in ji Umma tana kuka. "Mutanen ƙarya ne za su raba ki da miji?"

Sai ga Dogo, fuska a murtuke. "Haba Auta, don Allah, kar ki jawo mana."

Tsoro kamar ya kashe ta, don tana son yaron nan, ba kaɗan ba. Duk da haka ta buɗe kwamfutar ta nuna masa wata tsohuwa, jan layin da ke nuna taruwar maganin yana ta hawa a kanta. Ta ce shekaru da nauyi da ƙodar duk na Hajiya Kaka ne, kakarsa, tunda ita ke raka ta asibiti.

Dogo ya daskare. Ashe saboda yarda da maganinsa, tuni Alhaji ya fara bai wa mahaifiyarsa, kuma kwanan nan tana ta kukan jiri.

Ko ƙofa ba su rufe ba suka fita. Suka tarar da Kaka kwance, ƙwaya a tafin hannu, tana laluben ruwa.

"Ke mai ƙwace min miji, wannan gudun fa?" in ji Kaka.

Auta ta karɓe ƙwayar, hawaye shaɓe-shaɓe.

A asibiti likita ya ce jinin Kaka ya faɗi ƙasa sosai, amma an zo a kan lokaci. Alhaji ya jima a bakin gadon kafin ya ɗago. "'Yata, ki yafe ni. Uwata na ce ki goge."

An gyara maganin, aka sha biki. Wanda ya riƙe gaskiya ko da zai rasa abin da yake so, Allah ba ya tozarta shi.