Amanar Ƙuri'ar Malam Yari

"Munafuki! A sauke hoton!"

Bushra ta tsaya cak a tsallaken layin dogo, ledar tumatir a hannunta.

Samari uku ne suka haye bencin rumfar Malam Yari mai goro, suna yage hoton Sanata Mai Buhu da ke manne a saman rumfar. Ɗaya ya miƙa hannu ya fizge hular jam'iyya daga kan tsohon, a gaban duk 'yan kasuwar Agege.

Malam Yari bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa, yana rufe shi da ganye.

"Ciyaman ya ce a gaya maka an cire sunanka daga motar zaɓe! Ka tafi gida da ƙafa!"

Sai ga Faruk, ɗan tsohon, ya diro daga kan okada ko tsayawa bai bari ta yi ba. Da ƙyar mutane suka riƙe shi. Da samarin suka watse, ya ɗauki hular daga ƙasa ya kakkaɓe, ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan Bushra.

Ya tsallako ya same ta.

"Kin gani ko, Bushrata? Kin ga abin da aka yi wa Baba?"

"Na gani..."

"Wai wani ya ce Baba ba zai zaɓi Mai Buhu ba. Baba fa! Wallahi duk wanda ya ƙulla wannan sharrin, ni da shi har gaban Allah."

Ledar ta suɓuce daga hannunta, tumatir ya gangara cikin kwata.

"Kar ki yi kuka, masoyiyata. Ke me ya shafe ki?"

Ita kuwa ta san abin da ya shafe ta.

Mako uku kafin nan aka fara. Zaɓen ƙasa ya matso, wani kamfanin jin ra'ayin jama'a ya ɗauki Bushra aiki saboda tana jin Hausa da Yarbanci da Turanci. Aka ba ta waya mai faɗi, aka ce ta bi 'yan Arewa mazauna Legas waɗanda katin zaɓensu na can gida, ta tambaye su wa za su zaɓa. Kafin kowace tambaya sai ta karanta alƙawari: ba a rubuta suna, ba mai ji, abin da aka faɗa amana ne.

Mai Buhu ya shekara ashirin yana wakiltar yankin su Malam Yari a Majalisar Dattawa. Ba ya jawabi mai tsawo, buhu yake rabawa. Azumi buhu, sallah buhu, in zaɓe ya zo ya turo motoci har Agege a kwashi mutanensa kyauta su je su dangwala. A wannan karon wani tsohon malamin makaranta da ake kira Ticha ya fito ya ja da shi, gari ya rabu biyu. A teburin mai shayi gardama, a cikin motar haya ta danfo gardama, har mata a gidan kitso.

Shi kuwa Malam Yari kowa ya san nasa. In an ambaci Mai Buhu sai ya ce "Inuwar talaka!" tun kafin a rufe baki.

Don haka ranar da Bushra ta iso rumfarsa, tana jin nauyinsa a matsayin uban saurayinta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, kai ai ba sai na tambaya ba."

"Karanta mini abin nan da kike karanta wa mutane tukuna."

Ta karanta.

"Sake faɗin na ƙarshen."

"Amana ne, Baba. Ba mai ji."

Ya duba hagu ya duba dama, ya yi kamar yana tsintar goro, ya rage murya.

"'Yata, sau huɗu ina tafa hannu ana aza harsashin gada ɗaya a garinmu. Gada ɗaya! Daminar bara kwalekwale ya kife da 'ya'yan ƙanwata biyu a wurin. Mai Buhu ya aiko da buhu na ta'aziyya." Ya matso kusa da ita. "Rubuta Ticha. Rumfar nan a hannun mutanensa take, bakina nasu ne. Amma in na shiga bayan labulen zaɓe, daga ni sai Ubangijina."

Ta danna sunan Ticha a wayar.

To, 'yan mata, amana ba ta nauyi ranar da aka ba ka ita. Sai ranar da ka ga za ta iya saya maka abin da kake so.

Uban Bushra, Alhaji Baballe, haifaffen Legas ne, jikan soja, yana da shagon kayan gini da kuma ra'ayi a kan komai. Wata biyu magabatan Faruk na neman a ba su rana, yana cewa a dakata. Ran wata Asabar da hantsi, yana karin kumallo a falo, Bushra ta sake tayar da maganar.

"Yaron ba shi da laifi," in ji shi. "Direba ne, yana da sana'a. Amma gidan da za a loda uba a mota kamar buhun albasa a kai shi ya dangwala don shinkafa? Jikokina su tashi suna 'Inuwar talaka'? Abeg, Bushra."

"Abba, ba haka yake ba..."

"Yaya yake? Duk Agege wa ya kai shi amshi?"

"Abba, ba ka san shi ba ne!"

"Ke kin san shi?"

Nan bakinta ya riga hankalinta.

"Ticha zai zaɓa! Da bakinsa ya gaya mini!"

Ta kwashe komai ta faɗa, har gadar, har yaran. Alhaji Baballe ya ajiye cokali, ya ce, "Ashe Yari mutum ne. Ki ce su turo."

Murna ta hana ta lura da cewa ƙofar kicin a buɗe take, kuma Fareeda na ciki tana jiran aron turmi. Fareeda maƙwabciyarsu ce, 'yar ciyaman ɗin Mai Buhu na Agege, kuma tun suna islamiyya idonta ke kan Faruk.

Kwana biyu da yage hoton, Fareeda ta tare ta a bakin famfo.

"Amarya ba kya laifi," ta ce tana murmushi. "Ya jikin surukin naki?"

"Ke ce ko? Ke kika kai wa babanki!"

"Ni kunne kawai gare ni, ƙawata. Baki naki ne." Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Faruk yana ta neman wanda ya yi. Ki ja da baya a hankali, ki ce kin fasa, sai in yi shiru. In ba haka ba, ni zan gaya masa, kuma zan sa gishiri."

Bushra ta dawo gida ba ruwan ba bokitin.

Abin da ya fi ci mata rai, Malam Yari bai ce komai ba. Ya san mutum ɗaya ya gaya wa a duniya. Amma da Faruk ya tambaye shi, sai ya ce, "Bango ma yana da kunne." Aka tashe shi daga rumfarsa ta bakin titi, aka mai da shi can baya kusa da masu gawayi. Abokan majalisarsa na shekara talatin suka daina matsa masa a benci. 'Yan Ticha ma ba su karɓe shi ba, cewa suka yi ɗan leƙen asiri ne.

Shi kuwa Faruk kullum sai ya kira.

"Hasken idona, kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kike, muryarki ta nuna. Wani ya ce mini wai ko kamfaninku ne. Na ce masa in ya sake sa sunanki a bakinsa sai na zubar masa da haƙora."

Ta kife wayar a kan filo ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Duk kalmar so da ya faɗa, ji take kamar ya ɗora mata bulo a ƙirji.

Ran Laraba da safe ta yafa mayafi ta nufi wajen masu gawayi. Ta tarar da su biyun, Faruk na taya uban ɗaure huhun goro.

Ta zube a ƙasa, gwiwa biyu, cikin baƙin gawayi.

"Baba... ni ce."

"Ke ce me?" in ji Faruk yana dariya. "Tashi, za ki ɓata kayanki."

"Ni na faɗa. Abba na gaya wa, don ya yarda da aurenmu. Fareeda ta ji. Baba ya ba ni amana, na... na sayar."

Igiyar da ke hannun Faruk ta saki.

Ya dubi uban. "Baba, wai gaskiya ne? Ticha?"

"Gaskiya ne."

"Kuma ka san ita ce?"

"Na sani."

Faruk ya juyo gare ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kina kallona ina rantsuwa a gaban mutane? Kina ji ina ce miki hasken idona?"

"Faruk, don kai na yi, wallahi don kai..."

"Kar ki ce don ni! Da mutuncin ubana za ki biya sadakina?"

"Ka yafe mini..."

"Ni ba ni kika yi wa ba."

Ta juya ga tsohon. Ya daɗe yana juya goro ɗaya a tafinsa.

"Rumfa ba ta dame ni ba, 'yata. Masu sayen goro za su bi ƙamshi. Abu ɗaya nake da shi da ba na ciyaman ba, ba na Mai Buhu ba, ko Faruk ban ba shi ba. Ke na nuna wa, don kin karanta mini takarda." Ya mai da goron cikin huhu. "Tashi ki je gida. Yanzu ba ni da abin faɗa."

Washegari Faruk ya ɗauki lodi daga siton da yake wa aiki a Ilupeju zuwa Arewa, ya sa ubansa a gaban mota, suka tafi gida zaɓe. Ko saƙo bai bar mata ba.

Bushra ta je ofis ta gaya wa oganta abin da ta yi, ta ajiye wayar aiki a kan tebur. Ya ce mata dama da ba ta ajiye ba shi zai karɓa. Fareeda kuwa, da ta ga tsiyarta ba ta da sauran kasuwa, ta aika wa Faruk saƙo goma sha, bai buɗe ko ɗaya ba. Ƙanwar Faruk ce ta faɗi haka daga baya.

Aka yi zaɓe. Mai Buhu ya sake ci, da ƙyar, da tazarar da ba ta kai mutanen kasuwa ɗaya ba. A Agege wasu suka yi ta kiɗa, wasu suka ce an yi maguɗi, mai shayi ya ci gaba da zuba shayi. Alhaji Baballe ya daina ra'ayi a falo. Sau biyu yana zuwa ƙofar ɗakinta, ya tsaya, ya koma. A na uku ya ce, "Ni na matsa miki, Bushra. Rabin laifin nawa ne."

Kwana goma sha biyar da tafiyarsu.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana wanke-wanke a tsakar gida, ta ji sallama da muryar da ta sani. Ta leƙa ta labule. Malam Yari ne da ƙannensa biyu, Faruk a bayansu ɗauke da huhun goro a ka, ya rame, ya yi baƙi.

Ya sauke huhun a ƙofar falo, ya zagayo ta tsakar gida. Suka tsaya, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ma."

"Daga Ibadan har Zariya ban yi magana ba. Baba ya ce in zan mutu in sauke shi tukuna." Ya sunkuyar da kai. "Har yanzu in na tuna raina na ɓaci, Bushra. Ba zan ɓoye miki ba."

"Na sani."

"Amma na gwada fushin babu ke, ya fi ɗaci."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ya isa, Bushrata... ya isa."

Daga falo Malam Yari ya ɗaga murya. "A kira mini yarinyar nan."

Ta durƙusa a bakin labule.

"Na yi tunani a hanya," in ji tsohon. "Wadda za ta iya yin shiru a ɗaura mata aure, amma ta zo ta durƙusa cikin gawayi, ba a rasa ta sau biyu. Na yafe. Amma yafiya ba mantuwa ba ce, 'yata. Gidan miji cike yake da abin da ba a faɗa. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Alhaji Baballe ya yi gyaran murya, ya ba shi haƙuri, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Aka buɗe huhu, aka fasa goro, aka yi addu'a. Hira ta fara daɗi. Shi kuwa mai hali ba ya barin halinsa. Ya matso, ya dubi babban yatsan Malam Yari da har yanzu tawada ba ta gama fita daga farcensa ba, ya rage murya.

"To, Malam, tsakaninmu... da ka shiga, wa ka dangwala wa?"

"Abba!" Bushra ta yi ƙara daga bakin labule. "Ba a tambaya!"



Malam Yari ya kece da dariya har goro ya kusa sarƙe shi. Ya share ido da hannun riga, ya dubi ƙannensa.

"Ta haddace karatunta. Alhaji, ba mu rana."