Baƙuwar Cikin Randa

A shekarun da Ɗanjimma ya yi a birnin Kwatano, ƙasar Filinge ta sake. Shagunan cajin waya, babura ko'ina, da wani zazzaɓi mai karya ƙashi. An ce daga wajen Sanam ya gangaro, damina bayan damina, gari bayan gari, har ya iso ƙauyensu. Yanzu ya dawo, ga innarsa kwance, idanu jajur.

Wautar mutane ce kawai ba ta sake ba, a ganinsa. Gwaggonsa Tambara, 'yar bori, ta girke randa cike da ruwa ƙarƙashin gawo a bayan gida, wai masaukin cutar, wadda take kira Baƙuwa.

"Mun ba ta ɗaki don ta rage shiga namu," in ji Tambara. "Ba don randag ga ba, da gidan ya ƙare."

"Ɗaki! Gwaggo, sauro kike kiwo kamar awaki. Ko a gidan likita an faɗa muku."

"To, ɗan birni."

Da almuru ya saɓi taɓarya ya nufi gawon. Gero ya shanye tsawonsa. Warin ruɓaɓɓen ruwa ya tare shi. Kwaɗi suka yi tsit.

Duka ɗaya, randa ta dare.

Ruwa bai zubo ba.

Kuka ne ya fito, siriri, mai shiga haƙori. Sauro suka taso baƙi ƙirin, suka dunƙule, suka yi kafaɗu, suka yi kai har da ɗaurin kallabi.

Baƙuwa ta sunkuyo daidai kunnensa.

"Sannu, matafiyi. Ni ma ƙauyen ga ya ishe ni. Ina muka nufa?"

Ya yar da taɓarya. Ganyen gero na yankar fuskarsa. Bai san sa'ad da ya faɗi a ƙofar gida ba.

Ko cizo ɗaya babu a jikinsa.

Da safe inna ta tashi zaune, ta nemi fura. Sauro ya ɗauke a ƙauyen ƙaf. Amma kukan na nan cikin kunnensa na hagu.

Tambara ta dube shi a wulaƙance.

"Da ƙyar muka lallashe ta ta zauna wuri guda, kai ka ba ta jaki. In ka sake kwana nan, ɗakin innarka za ta koma."

Ɗanjimma ya cusa tufafinsa a jaka. Motar Yamai na lodi a tasha.

Ya ja zip.

Jakar ta fara kuka.