Addu'ar Kaka da Ƙofa a Buɗe

Sati biyu da binne Kaka, jikokinta mata biyu suna ɗakinta suna ninke zannuwa. Babbar, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta, tana ninki tana share hawaye. Ƙaramar kuwa, Aku, ta ɗora tabaran marigayiya a kan hanci tana leƙen yayarta ta samansa.

"Cire mana, don Allah! Ba ki da tsoro?"

"Tsoron me? Ai ko tana da rai ba duka take yi ba. Ƙara take kaiwa."

Gaskiyar Aku ce. Kaka ba ta taɓa yi wa kowa faɗa ba. In ka yi mata laifi sai ta bari gari ya waye, ta durƙusa gaban gado da Littafi Mai Tsarki, ta bar ƙofa a buɗe, ta gaya wa Ubangiji da muryar da za a ji har kicin. Da haka ta raini 'ya'yanta huɗu, da jikoki, da wasu yara bakwai da ba ita ta haifa ba. Na ƙarshensu shi ne Dogo, wanda aka miƙa mata a asibiti yana jariri, ba uwa, ba uba, ba ko takarda. Yanzu makaniki ne mai garejin kansa, kuma shi ne dalilin rabin hawayen Nas.

Jiya ne ya durƙusa a falo gaban mahaifinta, babban ɗan Kaka, tsohon hedimasta, ya ce yana son aurenta.

Hedimasta ya yi gyaran murya irin ta asambule. "Yaro, ba ni da ƙorafi a kan halinka. Amma aure dangi ne. Su wa zan ce wa mutane na ba 'yata? Ba mu san asalinka ba."

"Baba!" in ji Nas daga bayan labule.

"Ba da ke nake ba!"

Dogo ya ce ya gode, ya saka takalmi ya fita. A bakin get Nas ta riske shi.

"Mu je kotu kawai a ɗaura! Ni ba yarinya ba ce!"

"Mama ba ta raine ni don in saci 'yar ɗanta ba. Ki yi haƙuri."

"Haƙuri, haƙuri! Kai ko fushi ba ka iya ba?"

"Na iya. Da inji nake yi."

Wata biyar aka yi a haka. Duk Lahadi Dogo zai zo ya kai su coci, ya zauna a bencin baya, ya dawo da su, Hedimasta ya amsa gaisuwarsa da hanci. Nas ta rame har yunifom ya yi mata yawa. Goggo, ƙanwar Hedimasta, ta sa baki sau ɗaya aka ce ta ji da gidanta.

Tun rasuwar Kaka addu'ar safe ta koma ta juyi, kowa da ranarsa, a falo, minti biyu a tashi. Wata rana da layi ya zo kan Aku sai aka neme ta aka rasa. Can sai ga murya irin ta Kaka sak daga ɗakin marigayiya, ƙofa a buɗe, da 'yar rawar nan da tarin da ke zuwa kafin kowace magana.

"Ehem. Ya Uba Mai Tsarki, ni ce dai kuma."

Kofin da ke hannun Nas ya kusa faɗuwa.

"Ga ɗanka na fari. Ka ba shi ilimi, na gode. Kunne ne dai ka ɗan rage masa. Wai bai san asalin yaron da na goya shekara uku ba. Bayan nan da ya goya yaron, shi ya goya wannan ɗan nawa, sai dai in baya biyu gare ni ban sani ba. Da na kwanta ciwo wancan yaron ke juya ni, yana wanke ni, wannan yana aiko gaisuwa ta waya. Ban ce komai ba. Kai ma ka gani. Cikin sunan Yesu..."

"Amin," in ji Nas kafin ta tuna.

"Fito min daga ɗakin nan!" Hedimasta ya daka tsawa. "Marar kunya! Uwata ce abin wasanki?"

Aku ta fito sumui-sumui. "Sori, Baba. Ni addu'a kawai na yi."

Bai ci abinci ba ranar. Kwana uku ba ya magana da kowa. A na huɗu ya tuƙa tsohuwar motarsa zuwa gareji ya ce tana ƙara. Dogo ya buɗe gaba, ya saurara, ya shiga ƙarƙashi ya fito.

"Baba, lafiyarta ƙalau."

"Na sani." Hedimasta ya zauna a kan wata taya, da farin wandonsa. "In na ce na yarda, wa zai zo nema maka?"

Dogo ya goge hannu da tsumma. "Ba ni da kowa sai ku."

"To ka ji! Ni zan roƙa, ni zan bayar? In durƙusa wa kaina?"

Haka kuwa aka yi. Ran Asabar dangi suka cika falo. Hedimasta ya zauna a kujerar baƙi ya ce ya zo nema wa ƙaninsa aure, ɗan uwarsa, yaro mai sana'a da tsoron Allah. Sannan ya tashi ya koma kujerarsa ta maigida, ya haɗe rai, ya ce zai yi shawara. Goggo ta ce in bai daina ba za ta watsa masa ruwa. Ya ce ya bayar. Nas ta yi kuka, wannan karon da dalili.

Dogo bai ɗaga wa kowa murya ba, bai bi ta bayan gida ba, aka kuma ba shi ta ƙofar gaba. Duk mai binciken asalin mutum, ya fara duba hannun da ya raine shi kafin ya tambayi wanda ya haife shi.